Hirar da Ban Taɓa Yi da Inna Lami Ba

Abin da na fara lura da shi ranar da na shiga sabuwar makarantarmu a Kontagora shi ne wani hoto a cikin akwatin gilashi, kusa da ofishin shugaba. Wata yarinya ce riƙe da kofi, tana dariya, wushiryarta a fili. Gilashin duk ya yi ƙura, amma daidai fuskarta wani ya sa yatsa ya goge. Na daɗe ina kallon wurin da aka goge ɗin. Na ce a raina, ashe akwai wanda ake so har a riƙa share masa gilashi. Ban san sunanta ba tukuna, amma tun a nan na ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Ba zan faɗi sunana ba, waɗanda suka san ni sun riga sun san labarin. Ina rubuta shi ne don ƙannena da ke makaranta, musamman masu shiru irina, waɗanda ake cewa ba ruwansu. Ban fasa shagon kowa ba, ban sa hannu a jakar kowa ba. Suna na sata. Na ɗauki sunan wata mata mai sayar da wake, na ƙaga mata maganar da ba ta yi ba, har cinikin da take ciyar da gidanta da shi ya kusa mutuwa.

Daga Auna na zo. Babana manomi ne, kuma a can ni ce ta ɗaya a ajinmu ba tare da na buɗe baki ba. Ni dai a ba ni takarda da biro. Da na kai aji biyar na sakandare sai Baba ya kawo ni gidan ƙanwarsa, Gwaggo, don in ƙarasa karatu a gari. Ina da kunya ƙwarai. Idan malami ya kira ni, nakan san amsar, amma sai muryata ta maƙale. Abin da na iya shi ne kallo. Na san wace ce ke tauna bakin hijabinta idan ba ta gane darasi ba, na san wane malami ne ke sa takalmi ɗaya kullum yana canza masa igiya.

Yarinyar hoton sunanta Balkisu, kuma benci ɗaya aka haɗa mu. Ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Ranar farko ta matsa mini wuri ta ce, "'Yar Auna, zauna nan, can fanka ba ta kaiwa." Ta ba ni aron littafinta. Ko wannan ma haushi ya ba ni, don rubutunta ya fi nawa kyau. Tana magana da malamai kamar yayyenta. In ta yi kuskure sai ta yi dariya, aji ya taya ta. Ni kuwa in na yi daidai ba wanda ya sani. Na san tsawon farcenta, na san inda safarta ta yage, na san yadda Malama Ramatu, malamarmu ta ilimin halittu, ke sassauta murya in za ta kira ta. Na fi Balkisu sanin Balkisu.

Malama Ramatu ce ke kula da ƙungiyar masu bincike ta makarantar. A wannan shekarar aka ce kowace ɗaliba ta zaɓi wani abu da ya shafi abincin garinmu ta bincika, wadda aikinta ya fi kyau ita za ta wakilci makaranta a gasar da za a yi a Minna. Nan take Balkisu ta ɗaga hannu. Ta ce za ta yi a kan yadda ake ajiye wake ba tare da maganin ƙwari ba, don haka mahaifiyarta ke yi: a shanya shi ya bushe ƙarau, a zuba busasshen barkono, a ɗura a jarka a toshe bakin yadda iska ba za ta shiga ba. Malama ta ce, "Madalla, 'yata." Kalmar nan ta 'yata ta kwana a kunnena.

Ni ma sai na ce zan yi a kan wake, amma ta ɗaya gefen: masu zuba fiya-fiya a cikinsa don kashe ƙwari, mutane su ci su kamu da ciwo. Malama ta ce batu ne mai amfani. Ta gindaya mana sharaɗi: kowa ta je kasuwa da ƙafarta ta yi hira da masu sana'ar, ta rubuta maganarsu da Hausa yadda suka faɗa, da sunan kowa da inda rumfarsa take.

Na je kasuwa, wallahi na je. Na tsaya a layin masu wake da takardata a hannu, na kasa cewa ko sannu. Wata mata ta ce, "Mudu nawa za a auna miki?" Na girgiza kai na matsa gaba. Na sake komawa wata ranar, haka dai. Daga inda na raɓe ina hango rumfar Inna Lami, mahaifiyar Balkisu. Mace ce doguwa, mai tsaga biyu a kumatu, tana auna wake ta cika mudu har ya yi tozo, sannan ta ƙara ɗan dintsi. Masu ƙosai da masu alale layi suke yi mata. Balkisu na gefenta tana yawo daga rumfa zuwa rumfa tana tambaya, tsofaffi na ba ta amsa suna tsokanarta. Na ji Inna Lami ta ɗaga murya ta kira ta ta ce, "Ke 'yar nan, miƙo mini leda." Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Gwaggo na da babbar waya, kuma a cikinta akwai manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira, wadda muke kira AI, da ake rubuta mata tambaya ta ba da amsa kamar mutum. Takan bar mini wayar da yamma in tana kicin. Da farko Turancina kawai nake ba ta ta gyara, kuma Malama ta ce wannan ba laifi in dai an faɗa. Ni ban faɗa ba. Daga nan na ce ta rubuta mini gabatarwa. Ta rubuta, ta fi wadda zan iya. Sai na ce ta ba ni sunayen littattafan da suka yi magana a kan batun, ta jero su, na kwafe ban nemi ko ɗaya na gani da idona ba. Kowane mataki sai in ce wa kaina ai ɗan kaɗan ne. Abin da ya fi jan raina shi ne, ita ba ta kallona. Ba sai na gaishe ta ba, ba sai muryata ta fita ba.

Ranar da Malama ta karanta wa aji wani yanki na aikin Balkisu, aka tafa mata, na koma gida ban ci abinci ba. Na ɗauki wayar na rubuta: ki rubuta mini hira da masu sayar da wake a kasuwa, da Hausa, kamar su ne ke magana. Kafin in gyara zama ta gama. Sunaye kuwa ba matsala, ai na san su duka daga tsayuwar da na yi ina kallo, na san rumfar kowa. Na liƙa wa kowace magana suna.

Da na tsaya a nan ma na yi laifi. Amma ban tsaya ba. Hirarrakin duk sun yi laushi, ba wadda ta amsa cewa tana zuba magani. Na ce a ƙara mini guda ɗaya wadda mai magana za ta amsa da bakinta. Na zauna ina tunanin sunan da zan sa, alhali tun kafin in tambayi kaina na san amsar. Na rubuta: sunanta Lami, tana da 'ya mai suna Balkisu da ke taya ta. Da gangan na sa sunan 'yar, don kada wani ya ce wata Lamin ce. Ga abin da ya fito: "Gaskiya muna yayyafa fiya-fiya, in ba haka ba ƙwari za su cinye mana jari. Ni da 'yata Balkisu muke yi da yamma in kasuwa ta tashi."

Dole in yi wa na'urar adalci. A ƙasan abin da ta rubuta ta ƙara da cewa waɗannan misalai ne kawai, ba maganar mutane na gaske ba, kada a gabatar da su a matsayin bincike. Na karanta. Na sa yatsa na goge layin.

Ban yi tunanin Inna Lami ba ko kaɗan. Balkisu kawai nake gani. Na ce in an karanta wannan, aikinta ya rushe, tunda duk a kan gaskiyar mahaifiyarta ya tsaya. Na yi zaton abin zai ƙare a teburin Malama.

Bai ƙare a can ba. An yi taron iyaye, aka kafe ayyukanmu a allo a barandar makaranta don kowa ya gani. Malama ta duba gabatarwar da jerin littattafan, ta ce aikina ya yi tsari, hirarrakin kuma za ta bi su a tsanake bayan taro. Ta yarda da ni ne saboda ni mai shiru ce. Ina tsaye a bayan ginshiƙi na ga wata mata mai jan mayafi ta tsaya a gaban shafin, ta karanta, ta dafe ƙirji, ta ciro waya ta ɗauki hoto. Kafin Juma'a hoton ya zaga wayoyin matan gari.

A gidanmu ma ya iso. Gwaggo na kwashe tuwo ta ce, "Daga yau kada a sake sayo mana wake a wurin Lami. Ashe guba take ba mu. Kuma ke kika tono ta, Allah ya yi miki albarka." Zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: daɗi na ji. A makaranta 'yan aji sun fara jan bencinsu nesa da Balkisu, wata ta ce mata, "'Yar mai fiya-fiya." Malamai sun fara sanin sunana. Na ɗanɗana abin da na daɗe ina kallo a hannun wata, kuma ya yi mini zaƙi.

Sai Balkisu ta daina zuwa. Na bi ta layin masu wake in ga da idona. Rumfar Inna Lami ba kowa. Masu ƙosai sun koma rumfar gaba. Tana zaune, mudun na kife a kan buhu, tana korar ƙuda daga waken da ba wanda ya taya. Aka ce sarkin kasuwa ya kira ta, ya ce in maganar ta tabbata za ta bar rumfar. Na lura ba ta sa ɗan kunnenta ba ranar. Ban san me ya sa wannan ne ya fi damuna ba.

Ranar Litinin aka aiko in je ɗakin malamai. Na tarar da Malama Ramatu, da Malam Ndagi mai koyar da lissafi, da Balkisu a tsaye, idonta ya kumbura amma ba ta kuka. Aikina na kan tebur.

Malama ta ce, "Ke da kanki kika yi hira da mahaifiyar Balkisu?"

Na ce eh, a hankali.

"Kuma yadda ta faɗa haka kika rubuta? Ba ki ƙara ba, ba ki rage ba?"

Na gyaɗa kai.

Balkisu ta ɗora yatsa a kan layin ta ce, "Malama, karanta nan. 'Ni da 'yata Balkisu.' Ni ce 'yar fari a ɗakinmu. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ko a ɗaki mu biyu. 'Ke 'yar nan' take cewa. Ranar da aka ba ni kofi ma, da aka tambaye ta ko 'yarta ce, cewa ta yi 'yar maƙwabta ce. Ita ce za ta zauna a tsakiyar kasuwa ta ce wa baƙuwa ''yata Balkisu'?"

Malam Ndagi ya ajiye biro ya ce, "Kai! Ni Banufe ne, amma ko ni na san wannan. Wanda ya rubuta maganar nan bai taɓa shan ruwa a gidan Bahaushe ba."

Na san wannan kunyar ta ɗan fari. Innata ma ba ta kiran sunan yayanmu. Kuma da kunnena na ji Inna Lami ta ce "ke 'yar nan". Ni da nake ganin ba abin da ke wuce ni, na karanta layin nan ya fi a ƙirga ban ga komai ba, don sunan Balkisu nake so in gani a kusa da kalmar fiya-fiya.

Malama ta ce ta nemi littattafan da na jero, wasu ba a taɓa rubuta su ba. Ba ta yi mini tsawa ba. Ta ce, "Ni ma da laifina, da na kafe abin da ban tantance ba. Amma ke, me matar nan ta yi miki?" Balkisu ce ta juyo ta ce, "'Yar Auna, in Minna kike so, ai da kin faɗa mini." Ko a wannan lokacin, Allah ya gafarta mini, abin da na ji shi ne haushin yadda ta iya magana tana cikin baƙin ciki.

An dakatar da ni zango guda. Amma kafin nan shugabar makaranta ta ce inda aka ɓata sunan, can za a gyara shi. Aka sa ni a gaba, da Malama da Gwaggo, har layin masu wake. Sarkin kasuwa ya tara mutane. Ni da na kasa cewa sannu a wurin nan, yau ni ce a tsakiya. Na fara magana, ba wanda ya ji. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce, "Ɗaga murya, 'yar boko! Ai a takarda bakinki ya buɗe." Aka yi dariya. Na ɗaga. Na ce ban taɓa hira da kowa a cikinsu ba, waya ce ta rubuta, ni na sa sunayen, kuma abin da aka ce Inna Lami ta faɗa ƙarya ce na ƙaga. Wani ya ce, "To wayar ce ta san Lami?" Na ce a'a, ni na gaya mata. Inna Lami ba ta kalle ni ba. Wake take tsincewa a faifai har muka tafi.

Baba ya zo daga Auna a kan babur. Bai dake ni ba. Ya zauna a tabarma ya ce, "Da akuya kika sata, da na san abin da zan mayar." Ya ce ba zai kai ni gida in ɓuya ba, a nan zan zauna. Gwaggo ta kulle wayarta a akwati. Watannin nan ban taka ko zaure ba sai in an aike ni, kuma in na fita yara na bina da "mai hira da waya". Ta taga nake jin 'yan makaranta na wucewa da safe. Ta nan na ji labarin Balkisu ta tafi Minna. Na so in ce muku na yi mata murna, amma na yi alkawarin ba zan sake rubuta abin da bai faru ba. Kuka na yi, kuma ba na nadama kaɗai ba ne.

Hoton ƙaryar ya shiga kowace waya, gyaran kuwa waɗanda ke kasuwa ranar ne kawai suka ji. Wasu masu ƙosan sun dawo wa Inna Lami, wasu har yau suna cewa ai ba za a rasa gaskiya a maganar ba. Wani mai kai wake garin Ibeto da ya saba ɗauka a wurinta ya canza rumfa, bai dawo ba. Wannan ba abin da zan iya gogewa da yatsa ba ne.

Saboda haka, ƙannena, ku ji daga wadda ta taɓa. Na'urar nan tana da amfani, har yanzu Malama na nuna mana yadda za a tambaye ta abin da ba a gane ba. Amma ba ta taɓa zuwa kasuwarmu ba, ba ta san kowa ba, kuma in ka ce ta ƙaga za ta ƙaga maka da kyau. In ta taimake ka, ka faɗa. In ta ba ka sunan littafi, ka nemo shi ka gani. Abin da ba ka ji da kunnenka ba, kada ka sa sunan mutum a ƙarƙashinsa, don mai sunan yana da 'ya'ya da maƙwabta da rumfa. In kuma ka ga kana ƙirga alherin wani fiye da yadda kake yin aikinka, ka nisanci waya a ranar. Ni hassadar ba ta bar ni gaba ɗaya ba. Hoton Balkisu na nan a akwatin gilashi, yanzu ma sun zama biyu, kuma in na wuce nakan ji abin nan a ƙirji. Bambancin kawai, yanzu na san sunansa.

Da na koma makaranta Malama ta ce zan sake binciken daga farko, ba don gasa ba, ba don maki ba. Na ce to. Ranar Asabar na ɗauki takardata na nufi layin masu wake. Ƙafata ta so ta wuce kamar da, na tsayar da ita a gaban rumfar. Balkisu na ɗaure bakin leda, ta ɗago ta kalle ni, ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma kau da kai ba. Na durƙusa na gaishe da Inna Lami. Ta amsa a taƙaice. Na nemi gafararta, ta ce, "Allah ya yafe mana," tana ci gaba da auna wa wata mata wake. Sai da mai sayen ta tafi ta ce, ba tare da ta juya ba, "Ke 'yar nan, ba ta kujera mana, ta tsaya mini a kan wake."

Na zauna. Muryata ta maƙale kamar kullum, na jira ta, ban gudu ba.

Na ce, "Inna, na rubuta cewa na yi hira da ke, alhali ban yi ba. Don Allah ki bari in yi yanzu. Ki faɗa mini yadda kike ajiye wakenki, in rubuta, in karanta miki ki ji, in akwai kalma ɗaya da ba taki ba ki sa in goge."